Caca a Sabon Gari: Ina Ribar Take Zuwa?

Tun da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa baƙi 'yan Kudu Sabon Gari wajajen 1913, unguwar ta zama inda ake kau da kai ga abin da birnin Kano ya haramta, har da caca. Fagge, tsohon zangon fatake da ke bakin ganuwa, ta zauna a tsakanin Sabon Gari da birnin. Shari'ar da aka ƙaddamar a 2000 ba ta share wannan iyaka ba: da Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024, unguwannin Musulmi ta fi nufa.

Masu kare sana'ar kan ce ai a Amurka dokar 1988 ta bar ƙabilun asali su buɗe gidajen caca a yankunansu. Haka ne, amma can al'umma ce mai gidan, kuma doka ta ɗaure ribar ga hidimar jama'a da agaji. A Sabon Gari kamfanoni ke kwashe ta. Dokar caca ta tarayyar Najeriya ta 2005 ta ware wani kaso na kuɗin don ayyukan alheri, sai dai Kotun Ƙoli ta soke ta a Nuwamban 2024, ta ce hurumin jihohi ne. Yanzu magana ta koma hannun gwamnatin Kano.