Tafo da Kwabenya: Gidaje Biyu na Bincike a Ƙasar Ghana

A shekarar 1936 wani manomi a yankin gabashin Gwalkwas ya kai wa ma'aikatan gona rassan koko da suka kumbura. Koko na bishiya muke nufi, wanda ya riƙe tattalin arzikin ƙasar nan, ba na karin kumallo ba. Itatuwa na ta mutuwa gona bayan gona, ba wanda ya san dalili. Saboda wannan cuta gwamnatin Turawa ta buɗe tashar binciken koko a Tafo a 1938, kuma a 1944 aka faɗaɗa ta ta zama ta duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila.

Masanan Tafo, cikinsu har da Posnette, suka gano cewa ƙwayar cuta ce, kuma wasu ƙananan ƙwari masu farin gari a jiki ke ɗaukar ta daga itace zuwa itace. Magani babu. Abin da ya rage shi ne a sare duk itacen da ya kamu, har da na kusa da shi. A 1946 aka mai da saran tilas. Binciken daidai ne, amma wa ya zauna da manomi ya fahimtar da shi? Mutum yana ganin itacensa da 'ya'ya a jiki, farashi ya fara tashi bayan yaƙi, sai ga 'yan gatari daga gwamnati. Jita-jita ta bazu cewa Turawa so suke su kashe kokon ƙasar kafin su tafi. Wannan fushi na cikin abubuwan da suka hura wutar tarzomar 1948, dole aka dakatar da saran. Aka gayyato masana uku daga waje, suka duba, suka ce Tafo ce ke da gaskiya. Gwamnatin Nkrumah ma, da ta hau a 1951, saran ta koma, sai dai ta fara da lallashi da diyya.

Tafo ba ta tsaya a gatari ba. A 1944 aka shigo da irin koko na yankin Amazon, aka yi ta aure shi da wasu, aka samu iri mai saurin haihuwa. Manoma suka raɗa masa suna da Tuwi, akokora bedi, wato ko tsoho ya dasa zai ci moriyarsa. Sunan nan ya fi kowace takardar talla aiki.

Gida na biyu na zamanin 'yanci ne. Nkrumah ya ɗauki kimiyya a matsayin ginshiƙin mulkin kai. A 1958 aka kafa majalisar bincike ta ƙasa, a 1959 aka kafa ƙungiyar manyan masana, a 1963 aka haɗe su wuri guda, shi kansa yana shugabanta. A wannan shekara aka kafa hukumar makamashin nukiliya, kuma ranar 25 ga Nuwamba 1964 ya aza harsashin ginin tukunyar nukiliya a Kwabenya, arewa da Akra. Tarayyar Sobiyet ce za ta kawo ta, mai ƙarfin megawat 2, kuma an riga an tura matasa can su koyo aikin.

Ranar 24 ga Fabrairu 1966 sojoji suka kifar da shi. Sabuwar gwamnati ta gayyato Sa John Cockcroft na Ingila ya duba sha'anin bincike. Aka jingine aikin tukunyar, aka raba gidan masanan biyu, kuma daga nan majalisar CSIR ta fito a 1968. Kwabenya ba ta ga tukunya ba sai ƙarshen 1994, wata 'yar ƙarama daga Sin mai kilowat 30, ba ta kai kashi 2 cikin 100 na waccan ba. Tana aiki, ana awon ƙasa da ma'adinai da abinci da ita, ana horar da ɗalibai. Amma shekara talatin sun tafi, kuma da yawa daga waɗanda aka horar tun farko sun tsufa ko sun kama wata hanya.

A ganinmu bambancin gidajen biyu na wajen tukunyar da suke ci. Kwabenya a inuwar mutum ɗaya ta tsiro, da ya faɗi rana ta doke ta. Tafo kuwa tana ƙarƙashin hukumar koko, daga kuɗin kokon da aka sayar ake ciyar da ita, don haka juyin mulki ya zo ya wuce sau da yawa tana nan. Sauran cibiyoyi sai su jira kasafi, wanda galibinsa a albashi yake ƙarewa, aikin kansa a nemi tallafin waje. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Legas a 1980 cewa za su kai kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa a kan kimiyya, Ghana ba ta kai ba har yau. Wajen jan hankalin jama'a ma, abin da ya fi tasiri shi ne gasar kacici-kacicin kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare, wadda wani kamfani mai zaman kansa ya fara a 1993, har ta zama abin da ake kallo kamar ƙwallo.

Mu mazauna zango muna da namu kason a wannan labari. Goro ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu, ta Salaga da Kintampo zuwa Kumasi, tun kafin a dasa kokon farko a Mampong. Yau binciken goro yana hannun cibiyar Tafo, tare da na kaɗe da kashu da kofi. Na kaɗe a tashar Bole, na goro a Afosu. Ɗan riƙo ne a gidan koko. Matsalolinsa kuwa duk ɗan kasuwar goro ya san su: itace mai jinkirin haihuwa, da tsutsar da ke cinye huhu guda kafin mota ta isa Legas ko Sakkwato, da maganin ƙwari da wasu ke barbaɗawa a kan abin da za a tauna ɗanye. Koko yana da hukuma mai saye da awo da ware kuɗin bincike daga kowane buhu. Goro ba shi da irinta, kuma mu da muke dillancinsa ba mu taɓa haɗa kai mun nemi a ware ko sisi daga kowane huhu don a bincika mana yadda za a adana shi ba.