Furta Zunubi a Gaban Fada: Koyarwar Katolika da Inda Muka Rabu

A Gwadangaji da cikin Birnin Kebbi, inda ma'aikata daga Zuru, Yawuri da wasu wurare suke zaune ƙofa da ƙofa, ba wuya ka sami gida ɗaya mai 'yan ikilisiya biyu: miji namu, matarsa 'yar Katolika. Can ake yawan tayar da tambayar nan: don me suke gaya wa Fada zunubansu? Katolikan wannan yanki suna ƙarƙashin Dayosis na Sakkwato, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah yake jagoranta tun 2011. Kafin mu ba da amsa, ya kamata mu faɗi koyarwarsu yadda su da kansu za su yarda haka take.

Katolika suna lissafta tuba cikin sakramenti bakwai. Mai tuba yana da aiki uku: baƙin ciki na gaske saboda zunubi, furta shi ga firist, da yin abin da firist ya ɗora masa, kamar addu'a, azumi ko mayar da abin da ya ɗauka. Sa'an nan firist ya furta gafara da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ba su cewa Fada ne mai gafara. Suna cewa Allah ne yake gafartawa ta bakin bawansa, suna kuwa dogara ga Yahaya 20:22-23. Sun raba zunubi kashi biyu, mai kisa da ƙarami. Zunubi yakan zama mai kisa in abin babba ne, mutum ya san haka, ya kuma yi da gangan. Wannan kashi ne dole a furta.

Ba haka aka fara ba. A ƙarnonin farko, mai babban zunubi yakan tuba a fili, a hana shi jibin Ubangiji na tsawon lokaci. Furtawa a asirce ta yaɗu ne daga masu zaman ibada na ƙasar Ailan wajen ƙarni na 6 da na 7. A 1215 Majalisar Lateran ta Huɗu ta sa doka cewa kowane mai bi da ya yi wayo ya furta zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara. Da yake firist yana bukatar sanin nauyin kowane laifi, sai ilimin auna zunubi ya bunƙasa. Shahararren malaminsa shi ne Alfonsus Liguori na Italiya, wanda littafinsa na tauhidin ɗabi'a ya fara fitowa a 1748.

Gardamar Martin Luta ta 1517 daga nan ta tashi. Ana sayar da takardun rage hukuncin zunubi, shi kuwa ya ga mutane suna ɗauka kuɗi ya isar musu a maimakon tuba. Amma ga abin da yawancinmu ba mu sani ba: Luta bai jefar da furtawa a asirce ba. Ya bar ta cikin ƙaramin katikisim nasa na 1529, Shaidar Bangaskiya ta Augsburg ta 1530 kuma ta riƙe ta. Abin da suka ƙi shi ne tilas, da cewa sai an lissafta kowane zunubi ɗaya ɗaya. Yahaya Kalbin ya fi shi tsanani, ya ce wannan doka azaba ce ga lamiri, gama ba mai iya ƙirga laifofinsa duka. Majalisar Trent ta ba da amsa a 1551, ta tabbatar cewa furtawa ga firist umarnin Allah ne. Nan hanya ta rabu, har yau kuwa ba ta haɗu ba.

Mu muna tsayawa kan wannan: matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutum (1 Timoti 2:5), mai bi kuma yana iya kai zunubinsa ga Allah kai tsaye ya sami gafara (1 Yahaya 1:9). Yahaya 20:23 mun fahimce shi a kan shelar bishara da aka danƙa wa ikilisiya duka. Ba mu kuma yarda cewa azumi ko addu'ar da aka ɗora wa mutum tana biyan wani sauran bashi da gicciye ya bari ba.

Sai dai ba dukan abin da kakanninmu na Furotesta suka faɗa ne ya cancanci mu gada ba. A 1836 aka buga wani littafi a Amurka da sunan Maria Monk, cike da labaran ƙazanta a gidan sistoci na Montreal. Bincike ya nuna ƙirƙira ce, duk da haka aka yi ta sayar da shi shekara da shekaru. Irin waɗannan labarai har yanzu suna yawo a bakin matasanmu da kuma WhatsApp. Shaidar zur zunubi ce ko a kan wa aka yi ta. Tun 1976 muna zama tare da Katolika cikin ƙungiyar CAN, ranar da wahala ta zo kuma ba a tambayar kowa ɗarikarsa.

Akwai kuma wuri guda da suka sha gabanmu. A dokarsu, firist da ya tona abin da ya ji wurin furtawa an fitar da shi daga zumunta nan take, ko da hukuma ce ta matsa masa. Mu fa? Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna laifofinmu, amma mutum nawa ne cikinmu zai iya gaya wa dattijon ikilisiya asirinsa ya kwana da rai a kwance? Mun sha ganin maganar da aka yi a ofishin fasto ranar Laraba ta isa Zumuntar Mata kafin Lahadi. Mun kuma ga yarinya mai ciki an tsayar da ita gaban jama'a, an mayar da ita kujerar baya, saurayin kuwa ba wanda ya neme shi. Matiyu 18:15-17 ya sa a fara da mutum biyu su kaɗai, sa'an nan a ƙara ɗaya ko biyu. Taron ikilisiya shi ne mataki na ƙarshe, ga wanda ya ƙi ji.