Yanyawa, mai gadin gona da dare

Wanda ya taɓa kwana a gona lokacin girbi, ko direban da ke bin hanyar Dakwaro ko ta Tanut cikin dare, da wuya a ce bai taɓa cin karo da ita ba. Ƴar dabba ce mai kama da ƙaramin kare, launinta irin na rairayi, ga manyan kunnuwa, ga wutsiya mai gashi buzu-buzu. Fitilar mota na haskata sai ka ga idanu biyu sun yi wal, kafin ka ce me, ta ɓace. Wannan ita ce yanyawa. Mutanen karkara da dama sun san ta ne a matsayin ɓarauniyar kaji. To amma in aka bi rayuwarta daki-daki, za a ga amfaninta ga manomi ya fi ɓarnarta yawa.

Yanyawa daban, dila daban

Jama'a kan haɗa su, alhali kuwa ba ɗaya ba ne. Dukansu dangin kare ne, amma dila, malamin daji na cikin tatsuniya, ya fi girma nesa ba kusa ba. Nauyinsa kan kai kilo 7 zuwa 15, yana da dogayen ƙafafu, kuma yana iya kama ɗan akuya ko ɗan tunkiya. Ita kuwa yanyawa kilo 2 ce zuwa 3 da rabi, wato kamar kyanwar gida. Ba ta da ƙarfin kayar da bisa. Don haka in aka wayi gari an ga an cinye ɗan akuya a bayan gari, a nemi mai laifi wani wuri. Wata alama kuma tana cikin ido: in haske ya bugi idon yanyawa, baƙin tsakiyar kan tsuke ya zama tsaga a tsaye irin na kyanwa, na dila da na kare kuwa zagaye yake.

Iri uku a ƙasar Nijar

Masana sun ƙidaya iri 12 na ainihin wannan zuri'a a duniya, suna kiran ta Vulpes. Uku daga ciki suna nan ƙasarmu.

Ta farko ita ce wadda muka fi sani a ƙasar noma da ta kiwo, Vulpes pallida. Tana zaune a faɗin Sahel tun daga Senegal har Sudan, ta ratsa Mali, Nijar, arewacin Najeriya da Cadi. Tsawon jikinta santimita 40 zuwa 55 ne ban da wutsiya, kuma bakin wutsiyar baƙi ne. Tana cikin dabbobin da aka san gandun dajin Gadabeji da su, can cikin jihar Maraɗi.

Ta biyu ta hamada ce, wadda Faransawa ke kira fennec. Duk dangin kare babu wanda ya kai ta ƙanƙanta, don nauyinta bai cika wuce kilo 1 da rabi ba, amma kunnenta kan kai santimita 15. Tana son tuddan yashi irin na Tenere. Masu kallon ƙwallo sun san sunan, domin da shi ake yi wa ƙungiyar ƙasar Aljeriya laƙabi.

Ta uku ta fi son wuraren duwatsu da tsakuwa, kamar Ayar da Termit. Ana gane ta da farin bakin wutsiya. A gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a shekarar 2012, ana samun dukan ukun.

Jikin da ya dace da zafi

Manyan kunnuwan nan aiki biyu suke yi. Na ɗaya, ji: tana jin motsin ƙwaro ko ɓera ko da yana ƙarƙashin ƙasa, ta tona ta kama. Na biyu, sanyaya jiki: jini na ratsa ƙananan jijiyoyin da ke cikin fatar kunnen, iska ta kwashe zafin. Launin gashinta yana ɓoye ta cikin rairayi da busasshiyar ciyawa. Ta hamada har tafin ƙafarta gashi gare shi, don kada yashi mai zafi ya ƙona ta.

Batun ruwa fa? Yanyawa na iya daɗewa ba ta sha ba. Mafi yawan ruwan da jikinta ke buƙata daga abinci take samu, kuma da yake ba ta fita da rana, ba ta asarar da yawa. Shi ya sa ake ganin sawunta a wuraren da babu tabki ko rijiya kusa.

Rami da haihuwa

Gidanta rami ne da take tonawa a ƙasa mai yashi. Ramin yanyawar Sahel kan yi zurfin mita 2 zuwa 3, tsawonsa kuma ya kai har mita 15, da ƙofofi da yawa da ɗaki a can ciki wanda take shimfiɗa wa busasshiyar ciyawa. A nan take wuni, sai bayan magariba ta fito.

Zaman iyali suke yi, namiji da mace da ƴaƴansu. Ciki kwana 51 ne zuwa 53, ta haifi ƴaƴa 3 zuwa 6. Ana haihuwarsu ido rufe, su sha nono mako 6 zuwa 8, daga nan su fara cin abin da iyayen ke kawowa. Abokan gabarsu su ne dila, karnukan gari, manyan mujiyoyi da gaggafa, sai kuma ɗan Adam.

Me take ci?

A nan ne manomi ya kamata ya kasa kunne. A yankin Termit masu bincike sun tattara kashin yanyawa suka duba abin da ke ciki, suka tarar ƙwari ne suka fi yawa ƙwarai, sannan ɓeraye. Fara, gyare, buzuzu da gara duk abincinta ne. Tana cin ƙadangaru, ƙwan tsuntsayen da ke yin sheƙa a ƙasa, da ƴaƴan itace da guna, wadda ke ba ta ruwa.

Kowa ya san abin da ɓerayen daji ke yi wa irin hatsi in an shuka, da abin da fara ke yi wa gona. Iyalin yanyawa guda da ke da rami a gefen gona, kowane dare wannan farautar suke, ba a biya su ko dala ba.

Tsakaninta da mutane

Gaskiya ne, in ta samu kaza ko ƴan tsaki ko ƙwan zabi a fili, za ta ɗauka. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akurki mai ƙofa da ake rufewa tun magariba, wanda aka daɓe gindinsa ko aka kewaye da duwatsu don kada a tona ta ƙasa, ya isa ya raba wannan faɗa.

Abin da ya fi muni shi ne sa guba cikin nama a ajiye a daji saboda dila ko kura. Guba ba ta zaɓe: yanyawa ta ci, angulu ya ci, karen makiyayi ma ya ci, kuma haɗari ne ga yara. In masu cin ɓera suka ƙare, ɓeraye ne ke cin riba.

Sai batun ciwon haukan kare. Yanyawa na iya kamuwa da shi kamar sauran danginta, kodayake kusan duk mutanen da ke kamuwa daga cizon karen gida suke samu. In kuka ga yanyawa tana yawo tsakar rana, ba ta gudun mutane, tana tangaɗi ko dalalar da miyau, kada kowa ya taɓa ta, a sanar da ma'aikatan gandun daji ko likitan dabbobi. Wanda ta ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya nufi gidan likita a ranar. In aka bari alamun ciwon suka bayyana, babu magani. A kuma hana yara tona rami su ɗauko ƴaƴanta don kiwo ko sayarwa.

Danginta na nesa

Ƴan uwa mazauna Turai da Amurka, wadda kuke gani tana binciken kwandon shara da dare a Landan ko Burusel, jar yanyawa ce, babbar zuri'ar, mai nauyin kilo 5 zuwa 7 galibi. Ta fi kowace yaɗuwa a duniya. Turawa sun kai ta Ostireliya cikin ƙarni na 19 don farauta, ta zama annoba ga ƙananan dabbobin ƙasar. Can ƙuryar arewacin duniya kuma akwai wata da ke rikiɗa fara fat lokacin ƙanƙara. Kunnuwanta gajeru ne don kada zafin jiki ya fita, akasin tamu.

Kusa da mu, Dogon na ƙasar Mali suna girmama irin tamu ta Sahel. Masu dubansu kan yi zane a yashi da yamma, su watsa gyaɗa, da safe su zo su karanta sawun da ta bari. Mu ma in mun ga wannan ɗan sawu a bakin gona da sassafe, mu san cewa mai gadi ta kwana tana aiki.