Mazan Jiya na Arewa: Ina Sunayensu Suke?

A wannan buki na cikar sarauta shekara 100, ya dace a tuna da waɗansu ƴaƴan ƙasa da ba a cika jin sunayensu a bakin maroƙa ba, wato samarin Arewa da Faransa ta ɗiba soja a yaƙin 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945. Bayan dokar 1919, wadda ta tilasta aikin soja a Afirka ta Yamma, kumanda ke yanka wa kowane kanto adadin samari, sarki kuma shi ke da nauyin kawo su. Haka aka kwashi matasa daga garuruwan Dogondutsi da Tibiri aka haɗa su cikin rundunar da ake kira “tirayyar na Senegal”, ko da yake da yawansu ba su taɓa ganin Senegal ba. Wasu sun komo, wasu har yau ba a san makwancinsu ba.

Labarin wani matuƙin jirgin yaƙi ya nuna cewa daɗewa ba ta hana gano gaskiya. Ran 31 ga Yuli 1944, Antoine de Saint-Exupéry, marubucin nan da ƴan makaranta suka sani, ya tashi daga tsibirin Kors, bai dawo ba. Sai a 1998 wani masunci ya tsamo abin hannunsa mai ɗauke da sunansa kusa da Marsai. A 2000 aka gano ɓaraguzan jirgin a ƙasan teku, a 2004 lambar da ke jikin ƙarfen ta tabbatar nasa ne. Suna da lamba su suka warware abin da ya ɓuya shekara 60.

To, kowane sojan Arewa shi ma yana da suna da lamba a rubuce. Takardun aikin sojojin ƙasashen da Faransa ta mallaka suna ajiye a garin Pau. Na waɗanda suka mutu ko Jamus ta kama suna garin Caen. Tun 2003 ma'aikatar tsaron Faransa ta buɗe shafin Mémoire des hommes, inda ake neman mamaci da sunansa. A Yamai kuwa, gidan ajiyar takardun ƙasa na riƙe da rahotannin kumandojin zamanin.

Sai dai mai bincike zai yi haƙuri. Magatakardan Turawa sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya jiye musu, shekarar haihuwa kintace ce, sau da yawa kuma sunan babban gari aka sa maimakon ƙauyen mutum. Don haka littafin soja da ke cikin adakar tsohuwa, ko lambar yabo, ko katin pansiyo, sun fi komi daraja, domin nan lambar take.

Abin da za a tarar ba duka mai daɗi ba ne. A watan Yuni 1940 sojojin Jamus sun harbe baƙaƙen fursunoni a Chasselay, kusa da Lyon. Ran 1 ga Disamba 1944, a Thiaroye ta Senegal, sojojin Faransa da kansu suka buɗe wuta kan tirayyar masu neman haƙƙinsu. Kuɗin pansiyo da aka daskarar tun dokar 1959 ba a daidaita su sarai da na Faransawa ba sai 2011, bayan mafi yawan masu su sun kwanta dama.

Tunda ta ƙofar fada samarin nan suka fita, fada ce ta fi cancanta ta tattara sunayensu. In kowane maigari ya bi gida gida ya rubuta suna, da sunan uba, da lamba, za a samu kundin da jikoki za su nemi kakanninsu da shi. Mai nema yana tare da samu. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ja zamanin sarki.