Daga Samaru Zuwa Janiba: Me Ƙarar Ma'aikata Ta Tsinana?

Zariya ta daɗe da sanin yajin aiki. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Sabon Gari suna cikin waɗanda suka ajiye aiki a babban yajin 1945, zamanin Michael Imoudu. Amma abin da ya jefa shugabannin ƙwadagon Najeriya cikin idon sojoji, a Samaru ya faru.

Ranar 23 ga Mayu, 1986, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello wuta. Hukuma ta ce mutum huɗu ne suka mutu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, ƙarƙashin Ali Ciroma, ta kira zanga-zangar juyayi ranar 4 ga Yuni. Kafin ranar ta zo, gwamnatin Babangida ta kama shugabannin ta tsare. A shekarar ta raba ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, da NLC. A 1988 ta rushe shugabancin Ciroma, ta kuma haramta ASUU. Darasin da sojoji suka ɗauka daga Samaru shi ne: kada a bari ɗalibi da malami da lebura su haɗa kai.

Abacha ya zo ya ɗora. Da ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki a 1994 kan soke zaɓen 12 ga Yuni, sai ya rushe shugabancin NLC da NUPENG da PENGASSAN. Aka kama Frank Kokori a watan Agusta, aka kai shi kurkukun Bama a Jihar Borno. Milton Dabibi ya bi sahu a 1996, shekarar da aka sake haramta ASUU. Ba wanda aka kai kotu cikinsu. Ita kanta jami'ar Samaru a lokacin tana hannun kantoman soja, Manjo Janar Mamman Kontagora.

Tunda an toshe bakin gida, sai kuka ya fita waje. Ƙungiyoyin ƙwadago na duniya suka kai ƙara Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ILO, a birnin Janiba. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa: tun 1960 Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 87, wadda ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya da zaɓen shugabanninsu ba tare da gwamnati ta tsoma baki ba. Shekara bayan shekara ana kiran a saki mutanen, Abuja tana yin kunnen uwar shegu. A watan Maris 1998 hukumar ta kafa kwamitin bincike kan Najeriya, matakin da ba ta cika ɗauka ba sai tura ta kai bango.

A faɗi gaskiya, ba takardar Janiba ce ta buɗe ƙofar Bama ba. ILO ba ta da soja, ba ta da ɗan sanda. Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, 1998, kuma cikin watan Janar Abdulsalami Abubakar ya saki Kokori da Dabibi. Daga baya ya soke dokokin da suka ɗaure ƙungiyoyin.

To, ƙarar banza ce ke nan? A'a. Wanda aka tsare ba shari'a, babban abin tsoronsa a manta da shi. Shekara huɗu ana maimaita sunayen nan a zauren duniya, shi ya sa sabon shugaba mai neman a daina ƙyamar ƙasarsa ya san ƙofofin da zai fara buɗewa.

Ɗaliban da suka faɗi a Samaru ba su samu irin wannan zaure ba. Idan sunansu zai rayu, sai dai mu nan gida mu riƙe shi.