Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Aka Buɗe Ƙofar Ɗaukaka Ƙara Kan Dokar Gine-gine a Amurka

Jama'a, duk wanda ke zaune a garin da ba na kakanninsa ba ya san faɗuwar gaban da ake yi idan ma'aikacin tsara gari ya shafa wa bango jan fenti. Shi ya sa muka ga ya dace mu leƙa tarihin Amurka, mu ga yadda aka yi har talaka ya sami inda zai kai kuka idan ma'aikaci ya yanke masa hukunci.

A shekarar 1880 hukumar birnin San Faransisko ta kafa doka cewa ba wanda zai yi sana'ar wanki da guga a ginin katako sai da izninta. Shagunan wanki wajen 320 ne a garin, kusan 310 na katako, kuma galibinsu na 'yan ci-rani ne daga ƙasar Sin. Sinawa kimanin 200 suka nemi izni aka hana su, alhali kuwa sauran masu nema duk an ba su in ban da mutum ɗaya. Wani mai suna Yick Wo, wanda ya shekara 22 yana wannan sana'a, ya ci gaba da aikinsa. Aka ci shi tarar dala 10, ya ƙi biya, aka ɗaure shi. Magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 1886 ta ce ko da doka ta yi kyau a takarda, in aka zartar da ita da son kai to ta saɓa wa tsarin mulki, kuma baƙo ma yana da wannan kariya.

To amma fa ba kowa ke da ƙarfin zuwa Kotun Ƙoli ba. Da birnin Niyok ya kafa cikakkiyar dokar kasa unguwanni a 1916, wato nan gidaje, can kasuwa, can masana'antu, sai ya haɗa ta da kwamitin sauraren ƙorafi. A 1924 Ma'aikatar Ciniki, ƙarƙashin Herbert Hoover, ta buga samfurin doka wanda jihohi da yawa suka kwafa, daga baya kuma tsarin ya bazu har gundumomi.

Ga abin da samfurin ya tanada. Kwamitin mutum 5 ne, kuma a bainar jama'a yake zama. Yana duba ko ma'aikaci ya yi kuskure, yana kuma iya sassauta wa wanda bin doka sau da ƙafa zai jefa cikin ƙuncin da bai zama dole ba. Da zarar an ɗaukaka ƙara sai a dakatar da zartar da hukuncin, sai fa in akwai haɗari ga rai ko dukiya. Kafin a soke hukuncin ma'aikaci sai mutum 4 sun yarda. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya garzaya kotu.

A 1926, a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohayo, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa hukuma ikon kasa unguwanni. Amma a 1928, a shari'ar Nectow, ta nuna cewa ikon yana da iyaka idan ya cuci mai fili ba tare da amfanin jama'a ba.

Ka ga ke nan, ma'aikaci ba shi ne ƙarshen magana ba. Sai dai ƙofar ƙara tana da wa'adi, kuma takarda take ji, ba hayaniya ba. Dokokinmu na nan gida daban suke da na Amurka, amma darasin ɗaya ne: mu adana takardun filayenmu da iznin gini, mu nemi a ba mu kowane hukunci a rubuce, mu tambayi inda ake kai ƙara da kwanakin da aka ɗiba tun kafin rana ta ɓaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa mu dace, amin.