Tarihin Lambobin da ke Jikin Galan ɗin Baƙin Mai

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Unguwar Hajji, wanda ke noman rani da injin ban-ruwa, yana son jin asalin lambobin nan na jikin galan ɗin baƙin mai, irin su SAE 40 da 20W-50. Wai mai babbar lamba shi ya fi kyau?

AMSA: To Malam, tambayarka ta shafi duk mai babur ko injin niƙa, balle ku manoman Ƙaraye da Rogo, maƙwabtan madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992.

Farkon fitowar mota, kowane kamfani da sunan da yake ba mansa, wannan ya ce "mai kauri", wancan ya ce "matsakaici", mai saye kuwa sai dai ya yi sa'a. A 1905 injiniyoyin mota na Amurka suka kafa ƙungiya, ita ce SAE, Henry Ford na cikin shugabanninta na farko. Daga baya ta fito da tsarin auna kaurin mai da lamba. Iya girman lamba, iya kaurin mai.

Sai dai ka san halin manja: da hunturu ya daskare, a kan wuta ya tsinke. Haka baƙin mai yake. A ƙasashen ƙanƙara mota kan ƙi tashi da safe, shi ya sa aka shigo da harafin W, wato farkon kalmar hunturu a Turanci. Daga bisani kuma aka soma sayar da mai mai lamba biyu. Ka ɗauki 20W-50: ta farko na nuna yadda yake gudu da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa a zafin digiri 100.

Saboda haka lambar kauri take faɗa, ba inganci ba. In mai ya cika kauri, ba ya saurin zagaye inji da safe, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe. In ya cika tsinkewa, da zafin bazara ba ya riƙe ƙarfen, inji ya buga ana tsakar ban-ruwa, tumatir da albasa su ƙone.

Shawararmu, ka bi lambar da ke littafin injinka, kuma ka guji man kwalba marar shaida, domin murza shi da yatsa ba awo ba ne. Da fatan ka gamsu.